Rabin Maganar Likita

Litinin, 6 ga Mayu, 2024

Mun kai yaron asibiti, ni da Babansa. Shekara uku ba "Mama" ba "Baba", sai jera murafan kwalba a tsakar ɗaki. Likitar ta ce galahanga ce, lalurar da ke hana yaro magana da cuɗanya da mutane. Na tambaye ta me na yi. Ta ce, "Ba ki yi komai ba." Ta ce akwai gado, ko ta wajen uwa ko ta wajen uba. Kuma masu bincike na zargin abin da mai ciki ta ci ko ta shaƙa, irin hayaƙin janareta da feshin sauro, yana iya kunna wani abu a cikin gadon ya kashe wani, kamar makunnin fitila. Amma ba a gama tabbatarwa ba, kuma ba mai iya nuna abu ɗaya ya ce shi ne. Babansa na zaune yana ta gyaɗa kai. A mota har hannuna ya riƙe.

Asabar, 11 ga Mayu

Gidan Hajiya surukata, a unguwar Abakpa. Ta tambayi ɗanta me aka ce a asibiti. Wallahi da kunnena na ji shi: "Likita ta ce abin da ta ci ne lokacin da take da cikinsa." Shi ke nan! Maganar gado ya haɗiye ta. Feshin da yake yi da hannunsa kullum ya rufe mana tagogi, shi ma ya haɗiye.

Hajiya ta tafa hannu. "Ai na faɗa! Taliyar leda da lemon kwalba na ofis." Ta ce za ta karɓi yaron, dama ɗan fari na kaka ne. Ni da ko sunansa ba na faɗa a gabanta don kunyar ɗan fari, ina zan iya cewa a'a? Na yi ta kallon tabarma.

Lahadi, 12 ga Mayu

Na tambaye shi dalili. Wai, "So kike in ce mata daga jininmu ne? Kin san tana da hawan jini." Oho. Wato ni ce dutse. Ya ci amanata, kuma ya ci tuwonsa har da ƙari.

Laraba, 15 ga Mayu

Na sayi abinci a ofis, na kasa ci.

Juma'a, 17 ga Mayu

Yaron ba ya cin komai sai a shuɗin farantinsa. In an ɗaga murya sai ya toshe kunne. Hajiya kuwa ta ce taurin kai ne, bulala ce maganinsa. Jibi za ta zo ɗaukarsa. Ya Allah.

Lahadi, 19 ga Mayu

Ta zo da Safiyya ƙanwar Babansa. Safiyya ta kama hannun yaron, ya fasa ihu. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. "Yahya, zo nan." Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, Yahya ba inda zai je."

Babansa ya daka min tsawa, "Rahmatu!"

Na ce, "Ka ƙarasa mata maganar likita, ko ni in ƙarasa."

Bai ƙarasa ba. Ya raka su mota.

Na zauna ina jiran kunya ta kama ni, har yanzu shiru. Abincin mijina Sabo na rufe masa a kan tebur. Ni da Yahya a ƙasa muka ci namu.