Takardar da na naɗe zare a kanta

Wata baiwar Allah ce ta kawo mini wannan a rubuce da biro, ta roƙi in buga mata a zauren nan na imel ba tare da sunanta ba. Na buga yadda ta rubuta.

Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku yi haƙuri da rubutuna, iyakata firamare. Ina aure a Ƙofar Jatau cikin birnin Zariya, shekarata uku a ɗaki, ina goyon 'yata Ummi, wata bakwai. Sana'ata ɗinkin hannu na babbar riga, kamar yawancin matan unguwarmu.

Yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ke ba mu aikin. Yana da shago a Gyallesu, yana kuma da aboki a Amurka wanda ya sa hotunan rigunan a kwamfuta. Mai so sai ya rubuta sunansa da awonsa da lambar katin bankinsa, abokin ya cire kuɗi can, ya turo takardar gaba ɗayanta ta faks, na'urar nan mai aiko takarda ta layin tarho, a nan kuma a ɗinka a aika. Mutum biyu ke taɓa takardun, Malam Bulus akawu mutumin Wusasa, sai maigidana, wanda Yaya ya ɗauka aiki saboda ni, lokacin da aka rage su a masaƙa.

Al'adar aikinmu, in an ba ki riga da zare, ragowar zaren ba naki ba ne, za ki naɗe shi a 'yar takarda ki mayar tare da riga. Ni kuwa duk takardar da na samu a aljihun maigidana in zan yi wanki, sai in adana saboda wannan. Wajen watan azumi na fara cin karo da wasu 'yan takardu da rubutun hannunsa, sunan Bature a sama, ƙasa kuma lamba doguwa, huɗu-huɗu har sau huɗu, sai wata 'yar gajera a gefe. Na ɗauka lambar tarho ce ta ƙasar waje. Na ninke ɗaya na naɗe ragowar shuɗin zare a kai, na haɗa da riga na aika shago. Wallahi ban san abin da na aika ba.

Na dai lura da wasu abubuwa a wurin maigidana. Sabon agogo, takalmi mai ƙamshin kanti, rediyo mai cin kaset biyu, ga wasu mutane masu mota da ke sallama da shi a zaure, ba sa zama a tabarma, a tsaye suke magana ƙasa-ƙasa. Na tambaya ya ce abokan makaranta ne, na bar zancen, don mace ba ta bin diddigin baƙin zaure.

Bayan salla Yaya ya zo gidan Innarmu ina can, duk ya rame. Ya ce masu saye suna ta kuka, wai duk wanda ya sayi riga wurinsa, ba a jimawa sai a yi sayayya da katinsa a wani gari, kuma bankin can ya ce in aka ƙara ko sau ɗaya za a rufe musu hanyar karɓar kati, ke nan shago ya mutu. Inna ta ce wane irin kati ne da ake sata alhali yana aljihun mai shi? Sai ya ciro takardar faks ya nuna mata, ya ce Inna ba katin ake ɗauka ba, wannan lambar kawai. Na leƙa ta bayan kafaɗarsa. Huɗu-huɗu sau huɗu, da 'yar gajera a gefe. Ummi na shan nono a lokacin, ban san na matse ta ba sai da ta tsala ihu.

Abin da ya fi ci mini rai, Yaya ya riga ya sallami Malam Bulus. Kuma Malam Bulus ɗin ne fa tun farko ya ce a riƙa shafe lambobin da baƙar tawada da zarar takarda ta fito, ko abokin ya yanke wurin kafin ya turo, a kuma sa wa durowar takardun kwaɗo. Yaya ya yi dariya ya ce ai duk na gida ne. Da abu ya ɓaci sai aka ce wanda ya san darajar lamba shi zai sace ta. Mutumin nan 'ya'yansa biyar, ranar sunan Ummi matarsa har gida ta kawo mini zane da sabulu.

Da na koma gida na yi wa maigidana magana a hankali, bayan ya ci abinci. Da farko ya ce me 'yar firamare ta sani game da banki. Da na faɗa masa yadda lambar take, sai ya sauya, ya ce Turawan ba sa asarar komai, banki ke biyansu, kuma sau nawa ne ma, ya daina. Na ce to Malam Bulus fa? Ya ce shi ya kore shi? Ƙarshe ya ce in na buɗe baki in tabbata na haɗa kayana tukuna, kuma Ummi ba inda za ta, in ma an ɗaure shi in shirya amsar da zan ba ta ranar da aka kira ta 'yar ɓarawo a makarantar allo. Bai taɓa ɗaga mini hannu ba, ba zan yi masa ƙarya ba. Amma tun ranar ya hana ni zuwa ko'ina sai gidan Inna, kuma masu motar sun sake zuwa shekaranjiya.

Yanzu ga inda nake. Yaya ya ce ransa bai kwanta da korar da ya yi ba, don haka ranar Juma'a zai tara malamai a ja Yasin, a kan wanda ya yi, da wanda ya sani ya rufe. Ya aiko mini da shinkafa da mai, wai ni zan soya wainar sadaka, don hannuna ya fi na kowa. In soya wainar da za a ci a roƙi Allah a kaina, ina shayarwa? Maigidana ya ce camfi ne, amma tun jiya sai tambayata yake yi ko Yaya ya fasa.

In na faɗa, na kashe aurena, wataƙila a raba ni da 'yata, kuma Yaya zai ce ni na kawo masa ɓarawo. In na yi shiru, shago zai rufe, da shi ake ciyar da Inna, da shi matan layinmu ke sayen gishiri, ga bawan Allah yana yawo da sunan da ba nasa ba. Na yi tunanin in sami Inna, amma hawan jini gare ta. Na yi tunanin kawun maigidana, sai dai shi kullum maganarsa a rufa asiri.

Jiya da na je gidan Inna na tarar tana ɗinkin hula da shuɗin zare. Na gane ninkin takardar tun daga bakin ƙofa, nawa ne, Yaya ne ya kwaso mata ragowar zare daga shago. Ita ba ta karatun boko, amma ba ta yar da rubutu, ko a ƙasa ta tsinta sai ta ajiye wa Yaya ya duba, kada sunan Allah ne. Na ce ta ba ni in ƙarasa mata, ta ce in bar mata abinta, da shi take rage zaman banza. Har na fara hango farin takardar ta tsakanin zaren.

Don girman Allah ku gaya mini, in je wurin Yaya da ƙafata kafin Juma'a, ko in sake roƙon maigidana ya je da bakinsa? In kuwa ya ƙi fa? Hajiyar da ta karɓi wasiƙar nan ta ce za ta kawo mini amsoshinku gidan Inna ranar Alhamis. Ku taimaka ku yi sauri, zaren bai fi na kwana biyu ba.