Inda Teku Ya Taɓa Kwana

Zuwa ga Sakinatu, sanyin idona, ruwan farkon damina a kan baƙar ƙasar Gadarif, habibti wadda sunanta ke riga numfashi fita daga bakina!

Kin tuna yammar da kika kawo mana ruwa a gonar riɗi ta Gedambaliya, na gaya miki zan tafi aikin dako a Bur Sudan? Ba ki yi kuka ba, da ma kin yi! Cewa kika yi haka mahaifinki ya tafi bakin bahar, har yau ana zuba ido. Kika ce idan aka yanke riɗin bana ba ki gan ni ba, za ki ce wa Kawu Wada ya saurari wani manemin.

Ranar Juma'a na baro tashar jiragen ruwa na hau tudu, na yi nisa har teku ya koma kamar zare. Ya salam! Ƙarƙashin ƙafata sai ga wuri da ɓawon katantanwa, fari fat, sun manne da dutsen murjani, sun ja layi iya ganina. Wani tsohon makiyayi ya ce a nan bakin teku yake tun kafin kakanni, sai ya janye, bai sake hawowa ba. Na durƙusa a wurin, Sakinatu. Ashe abin da kike tsoro ke nan? A tafi a bar miki alama, kina zaune baki buɗe kina jiran ruwa?

Wallahi ba da ni ba! Shi teku wa ya taɓa miƙo masa ƙwarya yana murmushi? Wa ya taɓa yi masa tsiya don bai iya ɗaurin dami ba? Ni ina da wurin komawa.

Ga wuri ɗaya na ba Hamisu direba ya kawo miki. Kada ki adana shi, ba na son ki riƙe abin tunawa da ni. Ajiye shi a bakin randa kawai, ni zan ɗauke shi da hannuna. Na riga na sallami aikin, halas, an gama. Riɗi ba ya jira idan ya nuna, lorin da zai biyo na Hamisu ina kansa, ko a saman buhuna ne. Ki ce wa Kawu ya shimfiɗa tabarma.

Naki, yau da ranar da gashinmu zai yi fari kamar wurin nan,
Jibrin