Anko a Ƙarƙashin Rigar Sanyi

Maman Pamela,

Gaisuwa mai yawa daga Dubai. Ya yara, ya ƙafar Mama? Ni lafiya lau.

Kirsimetin bana ma ba zan zo ba. Maigidana zai kai iyalinsa Jojiya wasan zamiya a kan ƙanƙara, kuma ni zan tuƙa su har saman dutse. Ban taɓa tuƙi a kan ƙanƙara ba, amma kada ki damu, ina ta koyon ɗaura wa taya sarƙa. Kada dai Mama ta ji.

Yadin ankon da kika aiko, telan unguwar Satwa ya ɗinka. Ranar zan sa shi a ƙarƙashin rigar sanyi, ko da ba mai gani. In za ku ɗauki hoto, ku bar mini wurina.

Mijinki,
Wakili