Jiƙau Bai Yi Ihu Ba

Yelwa, 6 ga Janairu

Yaya Saratu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da mutanen Shanga. Yaya ƙafar Inna?

Ki zauna kafin ki ji wannan: mijina Illo ya zama ɗan fim. Masu shirin barkwancin nan na 'yan leƙen asiri, wanda ake nunawa ran Alhamis, sun sauka bakin ruwanmu. Kin san mutanen ciki: shugaban da ba ya cire baƙin tabarau, kyakkyawar da ke shiga kwalekwale da takalmi mai tsini, mugun da aka zana wa tabo da kwalli. Wawan masunci kaɗai suka rasa, tunda a wurinsu duk masunci wawa ne. Sai suka ɗauki Illo, mutumin da ya tsamo mutum tara daga tafkin nan da hannunsa, suka sa masa suna Jiƙau. Aikinsa ya ga bindigar roba, ya faɗa ruwa, ya yi ta ihu a cece shi. Na yi dariya, ba zan ɓoye miki ba.

Baba Dudu, sarkin ruwanmu, bai yi ba. Ya ce tun kakanni ba a kwaikwayon nutsewa, don ruwa bai san wasa ba, kira yake ji. Illo ya ce tsufa ne.

Ki gai da Inna.
Ƙanwarki,
Hansatu

Yelwa, 20 ga Fabrairu

Yaya Saratu,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, hankalina ba a kwance yake ba.

Babu mai kiran Illo da sunansa yanzu. A kasuwar kifi Jiƙau, a masallaci Jiƙau, har 'yarmu Yalwa, mai shekara huɗu, haka take kiransa. Sun mayar da ɗaukar shirin can tsakiya, kan tsohon garin da ruwan dam ya cinye, inda kakanninmu ke kwance. Rigar da yake faɗawa ruwa da ita ta kwana uku a kan igiya cikin wannan rana, kuma har yau tana ɗiga.

Jiya yana gyaran taru ya gaya mini abin da ya hana ni cin abinci. Wai a faɗawarsa ta ƙarshe, da ya yi ƙasa, ya ji ana dariya. Ba daga sama ba, Yaya, daga ƙarƙashinsa. Irin dariyar nan ta mutane da yawa da suke sawa a shirin.

Na roƙe shi ya bari. Ya ce saura faɗawa ɗaya, kuma ya ba da alkawari. Ki sa Inna ta yi mana addu'a.

Taki,
Hansatu

Yelwa, 28 ga Maris

Yaya Saratu,

Ina gaisuwa. Na gode da zuwa zaman makokin Illo, Allah ya ba da lada. Ga abin da na kasa faɗa a gaban Inna.

Ran nan daraktan shirin ya kori duk kwalekwalen masuntanmu can nesa, wai wawan shi kaɗai ake so a gani a hoto. Illo ya faɗa, tsohon taru da ke maƙale a kututture ya kama ƙafarsa. Kowane ɗan bakin ruwa ya san mai nutsewa da gaske ba ya ihu, kai kawai yake ɗagawa, bakinsa a buɗe. Su ba su sani ba. Suka tsaya suna jiran ya yi ihunsa, daraktan yana faɗa wai ya manta aikinsa.

Sun sa nutsewar tasa a shirin, Yaya. Na ɗauka za su cire. Jiya Alhamis na shiga gidan Maimuna maƙwabciyata neman Yalwa, na tarar da ita gaban talabijin. Ga Illo, kansa na fitowa yana komawa, idonsa yana neman gaɓa. Kuma sun ɗora dariyar. Na ji ta daga kowane gida a layinmu, har ta gangara bakin ruwa.

Yalwa ta yi ta tafi. Ta ja zanena, ta ce kada in yi kuka, kullum Baba yana fitowa. Ta ƙi tashi har aka gama rubutun sunaye na ƙarshen shirin.

Yau da hantsi na neme ta, na same ta a bakin ruwa, ruwan ya kai mata gwiwa, tana riƙe da rigar nan ta Illo. Ta ce ta ji ana dariya, tana so ta ga abin da Baba ya yi.

Ki zo ki ɗauke ta gobe. Kada ki jira ranar kasuwa.

Ƙanwarki,
Hansatu