Bulus ya sha awon giyata

Admin a ɓoye sunana, ina da jikoki. Jama'a barkanku da war haka, don Allah ku ba ni shawara, an ci amanar tsoho.

Ni mai gyaran batir ne a Ras Al Khor, nan ƙasar Larabawa, boko na tsaya a aji huɗu, amma lamba ba ta taɓa kayar da ni ba. Tsohuwata da harshe take auna burkutu, ni kuwa da na waye, ina haɗa tawa giyar a bokiti, sai na sayi gilashin awo, wanda ake sakawa cikin ruwan giya ya yi iyo, ya nuna sauran sukarin da yis bai cinye ba. Dokar ɗaya ce, sai lamba ta tsaya wuri guda kwana uku a jere kafin a ɗura a kwalba, in ba haka ba kwalbar fashewa za ta yi. Wanda aka ɗiba don awo kuma ba a mayar da shi bokiti, shanyewa ake yi.

To idona ya fara gajiya, sai abokin ɗakina, mu kira shi Bulus, shekara ashirin muna cocin nan tare, ya ce habibi huta, zan riƙa duba maka. Har na yi masa addu'a. Ashe bawan Allah sau huɗu yake awo a rana, da jug, ya cike gurbin da ruwan sanyi, lamba ta yi ƙasa kamar an gama. Kwana uku yana ce min 1.010, khalas, ta nuna. Na ɗura kwalba talatin na jera ƙarƙashin gado.

Ranar Lahadi mun dawo daga coci da wani dattijon majalisar cocin, muna shiga ɗaki sai kwalabe suka fara fashewa ɗaya bayan ɗaya. Dattijo bai tsaya ɗaukar takalminsa ba. Da na titsiye Bulus sai ya ce ai shi lambobin ma bai taɓa ganinsu ba, tabaransa ya karye tun Ista, kuma wai ni na koya masa cewa awo ba ya komawa bokiti. Ko haƙuri bai ba ni ba, cewa ya yi kafin ya zuba ruwan, giyar ta yi daɗi ƙwarai.

Ƙarshen wata zan koma gida gaba ɗaya, da ma na yi alkawarin bar masa bokiti da gilashin. Yanzu in bar masa, ko in hau abra, kwale-kwalen nan, in jefa su tsakiyar ruwa yana kallo? Ku yi sauri, don kwana shida ke nan ba na masa magana, kuma shi ke dafa mana tuwo.