Fulin da ke kusa da turarena

Laraba, Gwarinpa, bayan isha'i

Daga ofis na biya gareji, na tarar bakanike Oga Danladi da ƙanena Sadiƙ sun gama yanke wa motar marigayi Baba hukunci. Sufacajar da suka ɗora wa injin don ƙara masa ƙarfi ba ta ishe su ba. Ƙaramin fuli, wato wilin da bel ke juyawa, za su sa mata ta ƙara ɗura iska, don Sadiƙ ya wuce abokansa a hanyar Bwari.

Na ce bulok ɗin, wato gangar jikin injin, na kamfani ne, ƙarfensa yana da iyaka, in aka matsa masa tsagewa zai yi. Oga Danladi ya kalli Sadiƙ, ba ni ba, alhali da ni yake, ya ce, "Hajiya ta bar mana, ƙarfe ba ya jin tsoro." Shekara biyar na yi ina karatun injiniya don in sha wannan darasin.

Ban yi gardama ba. Na ce a miƙo fulin in gani, na jefa a jaka, na yi musu sallama.

Sadiƙ ya kira sau huɗu: "Yaya, don Allah mana." Motar nan ta kai ni jami'a, kuma lafiya lau za ta kai ni ofis ranar Litinin. Fulin kuwa ya yi kyau kusa da kwalbar turarena.