Ɗan kwikwiyonmu da katifar Ladi

Wata 'yar'uwa ce ta turo wannan daga Cheras, ta roƙi a ɓoye sunanta. A yi mata sharhi cikin mutunci.

Salama alaikum iyaye da 'yan'uwa na wannan zaure, ina gaishe ku da zaman kulle, Allah ya yaye mana wannan cuta. Don Allah ku ba ni shawara, na rasa inda zan sa kaina. Na san da yawanku ba ku ajiye kare a gida, wasu ma jin zancen kawai ba zai yi musu daɗi ba, ku yi haƙuri ku karanta har ƙarshe, maganar ta wuce ta kare.

Mu mutanen Kafanchan ne, maigidana karatu ya kawo shi nan ƙasar waje, ni na biyo shi da 'yarmu guda ɗaya, zan kira ta Ladi ko da yake ba sunanta ba ne, shekararta tara. A kullen farko mahaifiyata ta rasu a gida, ba jirgi, ba halin zuwa, a waya muka kalli jana'iza. Ita ta reni Ladi tun tana jaririya. Daga nan yarinya ta canja, ba ta wasa, ba ta magana sai an tambaye ta, ajin onlayin ma sai ta kashe kyamara ta kwanta. Da aka ɗan sassauta, wata Ba'indiya 'yar cocinmu da ke unguwar Sentul ta ce karyarta ta haihu, mu ɗauki ɗaya ko yarinyar za ta sake. Babanta da kansa ya je ya ɗauko shi a kwali. Ladi ta sa masa suna Kopi, don kalarsa irin ta kofin nan na madara da ake sha a kedai, wato shagon shayi. Gaskiya tun da ya zo na sake jin dariyar 'yata, ta koma cin abinci, har waƙa take masa.

To ni ban taɓa renon kare a ɗaki ba. A gida kare na tsakar gida ne, ya ci ƙanzo ya yi gadi, ba wanda ya damu da inda yake kewayawa. Nan kuwa can sama muke a bene, ƙasan falo na katako ne, ruwa kaɗan ya kwana a kai sai ya kumbura, kuma mai gidan da ya ba mu haya da sharaɗin kada a ɓata masa katako ya yarda. Sai aka sake rufe gari ruf, saukar da shi ƙasa ma ya zama aiki, masu gadi na kallon mutum. Kopi kuwa ko'ina banɗakinsa ne, ƙarƙashin tebur, bakin ƙofa, cikin takalmin maigida. Da na rasa dabara sai na ce bari in yi masa irin yadda na yi wa Ladi tana ƙarama. Da ya tashi barci, da ya gama cin abinci, sai in ɗauke shi in kai banɗaki in tsuguna ina masa sss, in ya yi in shafa kansa in ba shi ɗan kifi. Maigida ya gan ni ya yi ta dariya, ya ce "Maman Ladi, saura ki nemo zane ki goya shi." Shi tasa hanyar daban ce, in ya ga fitsari sai ya kamo shi ya goga masa hanci a ciki ya ɗaɗa masa silifa. Na ce masa a hankali wannan tsoro kawai yake koya masa, ga shi yanzu bayan kujera yake ɓuya ya yi, ya ce haka kowa ke horon kare. Ban ja ba.

Duk da haka ya fara koyo, wani lokaci da kansa yake zuwa ya tsaya a ƙofar banɗaki yana kuka. Na falo ya ragu sosai. Amma sai wata sabuwa ta ɓullo, kusan kullum da safe katifar Ladi a jiƙe, ta fito da shi a hannu ta ce Kopi ya sake yi. Babanta ya dake shi, ni in ja katifa baranda, ga ruwan garin nan da ba ya sallama, kafin ta bushe an sake jiƙa ta. Na hana shi kwana a ɗakinta, na riƙa rufe shi a banɗaki, amma ba ta canja ba, ta ce tausayi yake ba ta, shi ya sa take buɗe masa. Ina ta mamaki a raina, abin da bai fi takalmi girma ba ina ya samu ruwan da zai jiƙa rabin katifa, kuma warin ba irin nasa ba ne, mai wanki ta san bambanci. Amma zuciyata ba ta so ta kai inda tunanin yake ja na ba.

Wata safiya na ga rana ta fito da wuri, na ce bari in kwashi wanki, na tura ƙofar Ladi ban yi sallama ba. Sai na same ta a tsugune, ta riga ta canja kaya, ta ɗora Kopi a kan wurin da ya jiƙe tana danna ƙafafunsa a ciki don su jiƙe su ma, tana ba shi haƙuri da Turanci ƙasa-ƙasa, shi kuma yana lasar hannunta. Rigar barcinta na cikin jakar makaranta, jakar da ba a taɓa ba tun da aka rufe makarantu, da na buɗe har da wasu guda biyu sun fara fumfuna. Ta ɗago ta gan ni. Na rufe ƙofa na zauna a ƙasa na jawo ta, ban yi faɗa ba, ina ma zan samu bakin faɗa. Ta ce tun da aka sake kulle abin ya dawo mata, ba ta sanin lokacin da take yi. Hausarta ba ta da ƙarfi, amma ranar da Hausa ta roƙe ni, ta ce "Mami don Allah kar ki gaya Dadi, don Allah." Na ce ba zan faɗa ba. Na yi alkawari tun ban yi tunani ba.

Kada ku ɗauka babanta mugu ne, yana son ta kamar ransa. Amma a kan fitsarin kwance ra'ayinsa ɗaya ne, kunya ce magani. Shi ma ya yi yana yaro, kakarsa ta ɗora masa tabarma a ka ta sa yaran unguwa suka bi shi suna tafi, ya ce daga ranar bai sake ba, har yau da alfahari yake ba da labarin. Ladi tana 'yar shekara biyar ta taɓa yi, ya kira ta amalala a gaban baƙi, wuni guda ba ta ci abinci ba, kuma ba ta manta ba. Kwanan nan na gwada shi, na ce wata ƙawata ce ɗanta babba ya koma fitsarin kwance tun da aka fara kulle. Ya yi tsaki ya ce sangarta ce irin ta yaran da aka rena a waje, da nasa ne ranar Lahadi in an yi kiran bidiyo da 'yan gida zai ɗaga katifar kowa ya gani, a yi masa dariya sau ɗaya ya warke. Ladi na kicin tana ji. Na ga ta ajiye kofin da ke hannunta ta shige ɗaki.

Na yi iya ƙoƙarina a ɓoye. Na hana ta ruwa da yamma, ina tashinta da asuba, muna addu'a tare, wata rana a dace wata rana a'a. Na so in sayo ledar katifa ko babban famfas, amma mutum ɗaya ake bari ya fita cefane a kowane gida, kuma shi ne yake fita, in an kawo saƙo ma shi yake sauka karɓa. Na shimfiɗa ledar shara ƙarƙashin zanen gado, ya ji ƙararta ya tambaya, na ce saboda Kopi ne. Ni da ban saba yi masa ƙarya ba, yanzu kullum sai na yi. Abin da ya fi damuna, saboda yawan ɗora shi a wurin da warin da ya kama katifar, yanzu Kopi da gaske ya fara hawa yana yi a kai da rana tsaka. Duk wahalar da na sha a banɗaki tana rushewa, ga dukan da yake sha kan laifin da ba nasa ba, yana jin takun maigida sai ya saki fitsari a inda yake tsaye.

Shekaranjiya abin ya kai ƙarshe. Maigida na taron bidiyo da malaminsa, dama ransa a ɓace yake, an rufe musu ɗakin bincike aikinsa ya tsaya, ya miƙe ɗauko takarda ya taka fitsari ya zame, malamin na kallo. Da aka gama ya duba bayan kujera ya ga katako ya kumbura. Ya ce ya gama haƙuri, karen da ya kai wannan lokaci bai koya ba ba zai koya ba, ranar Asabar in zai je cefane zai sa shi a kwali ya ajiye shi bayan kasuwa, tunda ba halin kai shi Sentul. Na ce bayan kasuwa manyan karnuka ne da masu kama su, ba zai kwana biyu ba. Ya ce in da falo ne kawai da ya ƙara masa lokaci, amma ba zai zuba ido dabba tana fitsare wa 'yarsa wurin kwana kullum ba, cuta zai sa mata. Kun ji, saboda ita yake yi. Na buɗe baki zan faɗa, na hango Ladi a bakin ƙofa tana girgiza min kai, na haɗiye.

Na lallashe ta ta gaya masa da bakinta, ni zan zauna kusa da ita in riƙe hannunta, ta ƙi. Na ce to za a tafi da Kopi fa, ta ce ta sani, kuma ta san ranar Lahadi da safe katifa za ta jiƙe ba Kopi a gidan. Tun jiya ba ta ci komai ba sai shayi, ta koma kashe kyamara a aji, tana kwance da shi a ƙirji. Ni kuma na kasa zama wuri ɗaya, in shiga kicin in fito in manta abin da ya kai ni.

To 'yan'uwa ku gaya min. In na faɗa masa na karya alkawarin yarinyar da ba ta da kowa a ƙasar nan sai ni, kuma ban da tabbacin ba zai yi abin da ya ce ba. In na yi shiru za a jefar da ɗan kwikwiyon da ya dawo min da 'yata, asirin kuma ya tonu duk da haka. Akwai wadda mijinta ke da irin wannan ra'ayi ta samu ta juya shi, da wace magana ta fara? In faɗa masa a ɓoye in roƙe shi ya yi kamar bai sani ba, ko hakan ma cin amanarta ne? Iyaye maza da ke nan, in ku ne, ta yaya za ku so a gaya muku? Masu kare kuma, akwai yadda ake raba shi da katifar da ya riga ya saba da warinta? Don Allah ku amsa da wuri, ya riga ya ajiye kwalin a bakin ƙofa, ɗazu na ga Ladi tana huda masa ramuka da biro don ya samu iska.